Haƙori Bai Taɓa Kashe Yaro Ba

A daminar da ta wuce na halarci jana'izar yara uku a unguwarmu, babu wanda ya cika shekara biyu a cikinsu. Irin gawar nan ce da mutum ɗaya ke rungumowa cikin tabarma, ko makara ba a nema. A zaman gaisuwar na ukun na tambayi uban yaron me ya same shi. Ya ce, "Haƙori ne, Malam. Kwana huɗu yana zawo da amai, sai Allah ya karɓi abinsa." Jama'a suka gyaɗa kai, aka ce Allah ya sa mai ceto ne, aka shafa. Ni ma na shafa na yi shiru, domin zaman makoki ba wurin gardama ba ne. Amma shirun nan ya tsaya mini a rai, kuma yau zan faɗi abin da ban faɗa ba ranar.

Haƙori bai kashe yaron nan ba. Haƙori bai taɓa kashe ɗan kowa ba. Abin da fitar haƙori ke jawowa sananne ne: dasashi ya yi ƙaiƙayi, yawu ya riƙa dalala, yaro ya yi ta rigima yana neman abin cizo, wani lokaci jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Iyakarsa ke nan. Zawo tsululu, amai, ido ya zurma, wuya ya saki, babu ruwan haƙori a ciki. Abin da ya ruɗe mu lokaci ne. Haƙorin farko yakan ɓullo wajen wata shida, daidai lokacin da yaro ke koyon zama da rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai ya kai baki: ƙasa, takalmi, kashin kaji, murfin buta. A lokacin ne garkuwar da ya samo daga jikin uwarsa take ja da baya, a lokacin ne kuma ake fara ba shi koko da ruwan randa. Ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa a buɗe. Sannan haƙoran yarinta ashirin ne, suna fitowa bi da bi har yaro ya doshi shekara uku. Ke nan duk ranar da ya kwanta, in an buɗe bakinsa ba za a rasa haƙorin da za a ɗora wa laifi ba. Mun bar jaki muna dukan taiki, 'ya'yanmu kuwa suna ta tafiya.

Da ku nake, 'yan'uwana magidanta. An saba duk lokacin da maganar lafiyar yara ta taso, mata ake tarawa a yi wa faɗa, a asibiti su, a rediyo su. Uwa tana da nata kason. Amma a gidan Bahaushe wa ke riƙe da kuɗin cefane? Wa ke ba da izinin fita? Wa zai iya durƙusawa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, a yi haƙuri, kada a ba shi wannan"? Yarinya 'yar shekara 17 mai haihuwar fari, wadda kunya ta hana ta ko ɗaukar ɗanta a gaban surukai, ita za ta faɗa? Kai ne za ka faɗa, kuma ba ka faɗa ba.

Abin da ya kashe yaron nan ƙarewar ruwan jiki ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin jariri ruwa ne, kuma duk zawo ɗaya yana tafiya da ruwa da gishirin da zuciya da ƙoda ke aiki da su. Yaro mai nauyin kilo 7, in ya zubar da ruwan da bai ma cika lita ɗaya ba, rayuwarsa tana cikin haɗari. Jikin yakan faɗa tun da wuri. Baki ya bushe, ya yi kuka babu hawaye, fitsari ya ɗauke, a tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma da sauri ba, maɗiga ta loɓa. Mu kuwa da mun ga maɗiga ta loɓa sai mu ce ciwon maɗiga ne, a kwaɓa magani a liƙa masa a tsakiyar kai, a zauna jira. Maɗigar nan jiki ne ke roƙon ruwa. Ta baki ake amsa masa, ba ta ƙoƙon kai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin yana nan, ya fi shekara hamsin da samuwa, kuma kuɗinsa bai kai na shayi da burodin da kake karyawa da su ba. Ruwan gishiri da sukari, wanda ake kira ORS. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari cikin duro-duro na ruwa, dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne ko hanji yana zawo, in sukari da gishiri sun zo tare bisa ma'auni, yana tsotse su, ruwa ya bi bayansu ya koma jiki. Daga baya a ƙasar ta Bangaladesh, ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida tsakanin 1980 da 1990 tana koya wa iyaye mata wannan haɗi, ta shiga gidaje wajen miliyan 12. Talakawa ne irinmu, akasarinsu Musulmi irinmu. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cikin yara goma masu gudawa, huɗu ne kawai aka ba ORS. A duniya har yanzu gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 kowace shekara, kuma ƙasarmu tana sahun gaba.

Haɗa shi ba ya neman boko. A duba jikin ƙunshin, yawanci na lita ɗaya ne, wato ruwan leda biyu na rabin lita, ko tafasasshen ruwan da ya huce. A juye garin duka, kada a raba, kada a ƙara sukari don daɗi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In dare ne kuma babu ƙunshin a gida, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shafaffen cokalin shayi shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka, yawansa illa ne. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 a rana, ko 10 ga wanda bai kai wata shida ba, har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Ita ke gyara bangon hanji, ta rage kwanakin ciwon, ta kuma kare yaro na wata biyu zuwa uku masu zuwa.

To me muke yi maimakon haka? Maigida ya biya kemis a hanyarsa ta dawowa, ko yaron bai kai ba, ya ce a ba shi maganin zawo. Yaron shago, wanda bai taɓa zama ajin koyon magani ba, ya haɗo masa Flagyl da kafso ja-da-yalo da ƙwayar tsayar da zawo da kwalbar maganin haƙori. Yawancin zawon ruwa na ƙananan yara ƙwayar cutar da ke kawo shi irin wadda waɗannan magunguna ba sa taɓawa ce. Abin da suke taɓawa shi ne ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a hanjin yaro suna taya shi narkar da abinci, su kashe su. Ja-da-yalon nan ba a ba yaro ƙarami, yana rina haƙora har abada. Ƙwayar tsayar da zawo kuwa ɗaure hanji take yi, cutar tana ciki, ciki ya kumbura, iyaye su ce an samu sauƙi alhali yaro yana ƙarasawa. Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Kun san ƙunshin ORS ba shi da riba kamar kwalaben nan, shi ya sa ba ku fara miƙa shi.

Maganin haƙori kuwa, har mun manta? A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari mai kashe ƙoda, ya hallaka yara aƙalla 84 a Najeriya kafin hukumar NAFDAC ta gama kwashe shi daga kasuwa. Yaran nan iyayensu ne suka sayo da kuɗinsu, suka ɗura musu da hannunsu, don maganin abin da tun asali ba cuta ba ne.

Akwai wata muguwar ɗabi'a kuma, ta hana mai zawo abinci wai don ciki ya huta. Har nono wasu ke ragewa. Hanjin da ya ji ciwo da abinci yake warkewa. A ƙara ba shi nono fiye da kullum, a ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har sati biyu don ya maido abin da ya zube. In kuwa an ga jini a kashin, ko yaro ya kasa kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko zawon ya kai sati biyu, maganar gida ta ƙare, asibiti za a nufa a wannan sa'a. A nan ne da yawanmu muke da jini a hannu. Kana kasuwar ƙauye, ko ka tafi ci-rani Legas, wayarka a kashe, matarka tana zaune da yaro a cinya tana kallon numfashinsa yana canjawa, ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin babur. Sau nawa aka isa asibiti da yaro bayan la'asar, ma'aikaciya ta ce da da safe aka zo da an cece shi? Izinin kai ɗanka asibiti ba abin da za a jira ka dawo ba ne. Ka ba da shi tun yau, na dindindin, a gaban mahaifiyarka don kada wani ya tare ta a zaure.

Rigakafin babbar cutar zawon yara, wadda ake kira rota, ya shiga jerin rigakafin yara na Nijar tun 2014, na Najeriya kuma a watan Agustan 2022. Ɗigo ne a baki, a Najeriya sau uku, a sati 6 da 10 da 14, kyauta. Kai da ka hana a kai ɗanka, me ka tanadar masa a madadinsa?

Ɓarnar ma ba a wata shida take farawa ba, tun ranar haihuwa ce. A nan zan juya ga iyayenmu mata, kakannin yara, ina durƙushe. Kun haife mu, kun raine mu, ba mu da abin biyanku. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dakashin nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da kuke cewa ƙazanta ne a matse a zubar, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Yana shafe bangon hanjinsa da garkuwa, yana taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Kaɗan ne, gaskiya, amma tumbin jariri a ranar farko bai wuce cin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, daidai da shi aka auna. Kamata ya yi a sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Maimakon haka sai a raba shi da uwarsa kwana biyu ko uku ana jiran nono ya "gyaru", ana ɗura masa ruwan zafi da sukari, ko madarar akuya, ko zuma. Zuma magani ce ga babba, amma ba a ba yaron da bai shekara ba, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa, gubarta ta saki jijiyoyinsa har numfashi ya gagara. Kada kuma a fake da tahniki. Abin da aka sani a Sunna ɗan taunannen dabino ne a goga a dasashi, ba ɗurar kwana da kwanaki ba.

Sai ruwa. Ka ce wa tsohuwa kada a ba jariri ruwa har wata shida, ta ce so kake ƙishirwa ta kashe shi a wannan zafi na bazara. Tausayi ne ya sa ta faɗa, na sani. Amma kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwan da babu randa ko rijiyar da ta kai shi tsabta. Ko a Sakkwato ko a Agadas cikin watan Afrilu, uwa ce za ta sha ruwa ta ƙoshi, ta yawaita ba shi nono. Duk cokalin ruwan da aka ba jariri ya cinye wurin nono a ɗan tumbinsa, ya kuma shigo masa da abin da ke cikin randa. Daga nan tsotso ya ragu, nono kuwa gwargwadon tsotso yake kawowa. Sati kaɗan sai a ce nononta ba ya isarsa, a sayo madarar gwangwani da aljihu ba zai iya ɗorewa da ita ba, a riƙa tsinka ta da ruwa don ta yi auki, a zuba a fidar da ƙuda ke bi. Binciken nan na 2018 ya ce kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Abin mamaki, lafiyayyen jariri shi muke dama wa ciki da magani. Tumbuɗi bayan shan nono ba cuta ba ne. Kashi mai laushi, rawaya, sau da yawa a rana ga mai shan nono zalla ba zawo ba ne, haka kuma in ya yi wayo ya kwana uku bai yi ba, cikinsa da laushi yana shan nononsa, babu abin tashin hankali. Kukan magariba da jarirai ke yi suna murɗe-murɗe yakan wuce da kansa wajen wata uku zuwa huɗu. Amma a kan waɗannan ne ake jiƙa dauri, saiwoyi da sassaƙe waɗanda ba wanda ya san ƙarfinsu, a toshe wa jariri hanci a ɗura masa. Ɗurar nan ita kanta masifa ce. Yaron da ke kuka an danne shi ana kwarara masa ruwa, wani ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu a ce sanyi ya kama shi.

Yaro ya kai wata shida, nono kaɗai ya daina isarsa, ƙarfen jinin da aka haife shi da shi ya kusa ƙarewa. Me muke ba shi? Tsinkakken koko, gasara da ruwa da sukari, safe da rana da dare. Tumbinsa bai wuce cin kofi ɗaya ba, mun cika shi da ruwa. Ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara, mu ce ai yana ci. Kunun yaro kauri ake so, wanda in an karkata cokali ba ya zuba nan take, a sa masa garin gyaɗa ko waken soya, ɗan manja ko man gyaɗa, garin busasshen kifi, dafaffiyar kabewa, zogale. Gero da waken soya da gyaɗa da ake soyawa a niƙa tare, wanda ma'aikatan lafiya ke koyarwa, duk a gonarka suke ko a kasuwar garinku, sai dai a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar don gubarta tana cin hanta. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani, ga nono yana tafiya. A ƙwaryarsa shi kaɗai, wani babba yana zaune da shi. Ɗan wata goma ba zai iya kokawar loma da yayyensa a akushi ɗaya ba.

Yanzu ka dubi kanka. Da safe ka fita ka bar kuɗin da ko cefanen miyar kuka bai isa ba. Ka tsaya teburin mai shayi, a soya maka ƙwai uku, a cika maka kofi da madara. Da dare ka tsaya wurin mai tsire ko mai balangu, ka ci a tsaye a bakin titi, ka goge baki kafin ka shiga gida. Kajin gidanka suna ƙwai, ana tarawa ana sayar wa mai shayin nan da kake ci a wurinsa. Ɗanka kuwa an ce kada a ba shi ƙwai wai zai tashi da sata. Wace aya ce ta faɗi haka, wane hadisi? Camfi ne da ya dace da son ran manya, shi ya sa ya daɗe. Ƙwai ɗaya, ɗan yankin hanta kamar yatsa biyu, sun fi amfani a cikin ɗan wata tara fiye da a cikinka sau ninkin-ba-ninkin, domin kai ka gama gina jikinka, shi yanzu ake aza harsashinsa. In kuma ka tashi nuna ƙauna sai ka shigo masa da biskit da lemon roba, su kashe masa cin abinci. Kana karanta aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwar shekara biyu, kana kafa hujja da ita a kan matarka. A cikin ayar nan dai aka ɗora wa uban yaro ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Wannan rabin ba ka gan shi ba?

Tsakar gidan da yaron ke rarrafe ma abin dubawa ne. Kaji da awaki suna yawo inda yake wasa, kashin yayansa yana gefe an ce na yaro ba shi da illa, alhali ya fi na babba yawan ƙwayoyin cuta. A wanke masa gindi da hannu, a ɗauraye da ruwa zalla, a koma kan damun kununsa. Hanjin ɗan Adam a ciki yana da wasu 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Yaron da kullum yake haɗiyar ƙazanta, ko bai yi zawo a fili ba, tsiran nan suna daƙushewa, abinci ya shiga ya wuce bai bar komai ba. Zawo ya kawo rama, rama ta raunana garkuwa, rauni ya sake gayyato zawo. Sabulu a bakin banɗaki da wurin girki, fo a zubar a masai nan take, dabbobi a killace, tabarma mai tsabta ga mai rarrafe, maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya. Gyaran masai da turken awaki aikin mace ne ko naka?

Sakamakon yana rubuce a jikin 'ya'yanmu. A 2018 kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A Jigawa 64, a Kebbi 66, wato yara biyu cikin uku, a ƙasar noma da kiwo. Tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa. Kwana 1,000 ne, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, abin da aka rasa a cikinsu da wuya a cike shi daga baya. Yaron zai je makarantar allo da ta boko ya yi ta fama, ka ɗauki bulala ka ce daƙiƙi ne, ba ka tuna abin da ka zuba masa a ƙwarya ba.

Yaye ma haka muke yi masa, kamar hukunci. Da an ga uwa ta yi kwanika sai a ce yaro zai sha ciki, a shafa maɗaci a nono, a ɗauke shi rana ɗaya a kai gidan kaka. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi cin abinci, zawo ya biyo. Nonon mai ciki ba guba ba ne, mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa in tana samun abinci, a janye a hankali. Mutanen Ga na ƙasar Gana sun daɗe da gane wannan ciwo, suka sa masa suna kwashiyoko, ciwon yaron da ƙanensa ya ture, kuma daga bakinsu likita Cicely Williams ta ɗauki sunan ta shigar da shi littattafan likitanci a 1935. Mu tamowa muke cewa, in ƙafa ta kumbura gashi ya yi ja kuma mu koma neman mayya a cikin maƙwabta.

Ko bayan an kai ga tamowa akwai ceto. Maganin tamowar nan na leda, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadarai, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kuma a Maraɗi lokacin yunwar 2005 aka ga yadda yake tayar da dubban yara a gidajen iyayensu. Ana ba da shi kyauta, da lissafi, gwargwadon nauyin yaro. Sai ga shi a kasuwa ana sayarwa, sai ga ƙato da gemu yana shafa shi a burodi. Wanda ya karkatar daga asibiti, da wanda ya saya, da uban da ya karɓe daga hannun matarsa, dukkansu abincin majinyacin da ke bakin mutuwa suka ci.

Za a ce talauci. Ban musa ba. Na san tsadar hatsi, na san garuruwan da 'yan bindiga suka hana noma, na san asibitocin da babu magani babu ma'aikaci, kuma masu mulki za su amsa tambayarsu a kan wannan. Akwai gidan da wallahi babu, ba da su nake ba. Amma dakashi ba saye ake ba. Hana jariri ruwa ba ya cin kwabo. Rigakafi kyauta ne, izini kuma kalma ce. Za a ce ƙaddara, kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ban taɓa ganin wanda sansa ya kwanta ya ce ƙaddara ya koma majalisa ba. A daren zai nemo malamin dabbobi ko nawa ne. Addinin da ya koya mana tawakkali shi ya umarce mu da neman magani, kuma yaro amana ne da za a tambaye ka.

Ɗan'uwa, yau kafin ka shiga gida ka biya ka sayi ƙunshin ORS biyu da katin zink ka ba maiɗakinka ta ajiye, tun kafin a buƙace su. Ka karɓi katin rigakafin ɗanka ka duba da idonka. Ka tsaya a kan ƙwaryar kununsa ka karkata cokali. Ranar da kuma ya fara zawo wani ya ce maka haƙori ne, ko wane ne shi, ka ce masa a'a, ka ɗauko kofi da cokali.